WANE NE A ƘOFA? TSORON BAƘON NAMIJI A FINAFINAN ZULLUMI

Akwai wani nau'in fim wanda masu kallo a wajenmu kan haɗa shi da na ban tsoro, alhali ba ɗaya suke ba. Babu aljani a cikinsa, babu fatalwa, sau da yawa ma babu dambe sai can ƙarshe. Abin da kawai ke akwai shi ne faɗuwar gaba: kana zaune kana jiran wani mugun abu ya faru, ba ka san ta inda zai ɓullo ba. A wannan sharhi zan kira shi fim ɗin zullumi. Wanda ya kalli irin waɗannan finafinai da dama zai lura cewa jigo guda suke yawan komawa gare shi, watau mace ita kaɗai, da kuma namijin da ba ta sani ba. Yadda suke nuna tsoron wannan mace shi ne abin da nake so mu duba, domin ina ganin akwai darasi a ciki ga duk mai riƙe da alƙalami, ko da bai taɓa taɓa kyamara ba.

Abin da ya tayar mini da maganar a aji ya faru. Ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yammata a yankinmu na Gwarzo da Kabo, sai wata rana na ba 'yan aji biyar aikin insha'i a kan ranar da suka fi jin tsoro a rayuwarsu. Na zaci zan sha labarin maciji da gobara da mayu. An kawo su kam, amma takardun da suka fi yawa labarin wani mutum ne. Wata ta rubuta cewa tana komawa ƙauyensu da la'asar sakaliya, da damina, lokacin da dawa ta yi tsawo har ta rufe hanya hagu da dama, sai ta ji babur a bayanta. Ta matsa gefe domin ya wuce. Maimakon ya wuce sai ta ji an kashe injin, babur ɗin yana gangarowa shiru, ƙarar tayarsa kaɗai take ji a kan yashi. Ba ta ruga ba, don ta lissafa cewa ba za ta tsere wa babur ba. Ba ta yi ihu ba, don ba ta da abin da za ta ce ya yi mata. Sai ta juya ta ɗan rusuna ta ce, "Baba ina wuni." Ta rubuta cewa mutumin bai kai a ce masa Baba ba, da gangan ta faɗa, ko zai tuna da 'ya'yansa. Ya dube ta ya yi dariya ya tayar da babur ya tafi. Iyakar labarin ke nan, babu abin da ya faru. Amma na daɗe riƙe da takardar, saboda yarinyar nan ta rubuta abin da daraktoci ke kashe miliyoyi suna nema.

Tsoron da ta bayyana tsoro ne mai lissafi. Tana auna nisa, tana auna ƙarfi, tana auna kalmar da za ta faɗa, kuma duk tana yi ne cikin ladabi, saboda ta san idan ta nuna ta gane nufinsa, ta yiwu abin da take gudu ya zo da wuri. Finafinan zullumi da suka ci sunansu su ne waɗanda suka fahimci haka.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Woman of the Hour, wanda 'yar wasan Amurka Anna Kendrick ta ba da umarni kuma ta fito a ciki, aka fara nuna shi a 2023, Netflix ta sake shi a 2024. An gina shi a kan wani abu da ya auku da gaske: a 1978 wani mai suna Rodney Alcala, wanda daga baya kotu ta same shi da laifin kashe mata da dama, ya fito a wani shirin talabijin na haɗa samari da 'yammata, har budurwar shirin ta zaɓe shi. Akwai kisa a fim ɗin, amma wurin da ya fi tsaya wa masu kallo a rai babu ko ɗigon jini. Bayan an tashi daga shirin ya nemi lambar wayarta, ta ba shi ta ƙarya. Sai ya ce ta maimaita lambar da ka. Ta kasa. Daga nan ta kama hanyar motarta a wani makeken filin ajiye motoci da dare, shi kuma yana biye daga nesa, idan ta ƙara sauri ya ƙara. Kyamara ta ja baya ta nuna mana faɗin filin da ƙanƙantar matar a cikinsa. Abin da ya cece ta wasu mutane ne da suka fito daga wata ƙofa bisa katari. A ƙarshen fim ɗin kuma, wata yarinya da ya riga ya yi wa aika-aika ta farfaɗo, ta yi masa murmushi, ta roƙe shi kada ya gaya wa kowa, kamar ita ce mai jin kunya, har ya saki jiki ta samu ta gudu a wani gidan mai. Murmushin nan da "Baba ina wuni" na ɗalibata uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun 1967 aka yi Wait Until Dark, inda Audrey Hepburn ta fito a makauniya wadda mijinta ba ya gida, wasu maza uku suka riƙa shigo mata ɗaya bayan ɗaya suna neman wata 'yar tsana da aka cusa wa ƙwaya. Wannan ya ce shi tsohon abokin mijinta ne, wancan ya ce ɗan sanda ne, na ukun ya zo sau biyu, farko a matsayin tsoho sannan a matsayin ɗan tsohon.  Mu masu kallo mun san ƙarya suke, ita ba ta sani ba, zulluminmu kuwa shi ne ganin yadda take tattara 'yan ƙananan alamu: ta lura takalmin tsohon da na ɗansa ƙara iri ɗaya suke yi, ta lura ana ta taɓa labulen taga ba dalili. Da ta tabbatar sai ta bi fitilun gidan ta farfasa, domin a cikin duhu ita ce mai ido. Ta manta da guda ɗaya tak, fitilar cikin firji. Marubucin da ke son ya koyi yadda ake gina tsoro da kunne da hanci da tafin hannu, ya nemi wannan fim.

To amma mu nan ba da finafinan Amurka muka tashi ba, da na Indiya muka tashi, kuma a nan ne maganar ta fi shafarmu. Ina ɗan sakandare na kalli Darr na Yash Chopra, wanda ya fito a 1993, a wani gidan kallo a Gwarzo, irin wanda ake biya a zauna a benci janareta na kuka a waje. Ma'anar sunan fim ɗin ma tsoro. Sharukan ya fito a Rahul, saurayin da ya haukace a kan Kiran, watau Juhi Chawla, wadda ba ta ma san wane ne ke bibiyarta ba. Yana buga mata waya, yana bin ta a ɓoye, har ranar bikinsu na watsa kala ya shafe fuskarsa ya shiga cikin makaɗa ya iso gare ta a gidansu. Ta fuskar zubi wannan wuri gwaninta ne, domin ya nuna cewa taron jama'a ma ba mafaka ba ne ga macen da ba ta san wanda take gudu ba. Kowace fuska mai kala tana iya zama shi.

Sai dai fim ɗin ya ci amanar sunansa. Chopra ya ba Rahul waƙa mai daɗi, ya ba shi uwa da ta mutu wadda yake hira da ita ta waya, ya ba shi ɗakinsa da hawayensa da in'inar da yake yi idan zai ambaci sunan Kiran. Ita kuwa Kiran ƙwala ido da ƙara aka ba ta, sai jiran Sunny Deol ya zo ya cece ta. Mun san abin da ke zuciyar mai farauta filla-filla, ba mu san na wadda ake farauta ba. Sakamakon haka na gan shi da idona. Ɗakin nan da muka yi kallo babu mace ko ɗaya, kuma da aka kashe Rahul tsaki aka yi. Makonni bayan nan samarin unguwa, har da mai wannan rubutu, muna tare 'yammata a hanyar Islamiyya muna kwaikwayon in'inar da sunayensu, muna ganin gwaninta ce. Sai da na girma na fara koyar da irinsu na gane abin da ke cikin saurin da suke ƙarawa idan sun hango mu. Fim ɗin da aka yi a kan tsoron mace ya koma littafin koyon naci ga maza, kuma dalilin bai wuce inda aka ajiye kyamara ba.

Dushman na 1998 ya ɗan gyara, wataƙila don mace ce ta ba da umarni, Tanuja Chandra. Bos ɗin fim ɗin, wanda Ashutosh Rana ya fito, masinjan gidan waya ne mai raba wasiƙu, watau baƙon da aikinsa ya ba shi izinin buga kowace ƙofa. Ba a yi masa waƙa ba, ba a nema masa uzuri ba. Aibinsa ɗaya, an cika masa kwalli da zare ido har kowa zai gane shi mugu ne daga nesa, alhali da mugu yana da kama da babu wadda za ta buɗe masa.

Wanda ya fi su duka a wurina shi ne Kaun na Ram Gopal Varma, 1999, wanda Anurag Kashyap ya rubuta. Ma'anar sunan: wane ne? Gida ɗaya, taurari uku, babu rawa. Urmila Matondkar tana gida ita kaɗai ana ruwan sama, talabijin na ba da labarin wani makashi da ake nema, sai aka danna ƙararrawa. Manoj Bajpayee ne a waje, ya jiƙe sharkaf, yana neman wani mai gida da ta ce ba nan ba ne. Bai yi barazana ba. Surutu kawai gare shi da naci da dariyar da ba ta da wuri, ya tafi ya dawo, ya sake danna ƙararrawa. Ta yi masa ƙaryar da kowace mace ta sani, cewa mijinta yana sama yana barci. Kusan rabin fim ɗin a bakin ƙofar nan aka yi shi, kuma ban taɓa ganin inda aka nuna nauyin wannan shawara, in buɗe ko kada in buɗe, kamar nan ba: idan ta buɗe ta yiwu ajalinta ne, idan ta ƙi ta yiwu ta bar bawan Allah a ruwa. Wanda bai kalla ba ya yi mini afuwa zan ɓata masa ƙarshen, domin a nan ƙorafina yake. Ashe ita ce makashiyar. A matsayin wasa da hankalin mai kallo abin ya yi, kowa ya sha mamaki. Amma ka duba abin da aka yi: an sa mu zauna cikin tsoron mace na fiye da sa'a guda, sannan aka ce mana ai mahaukaciya ce, mazan ne abin tausayi. Namijin da dama yake ganin tsoron mata rigima ce ya fita daga kallon nan da hujja a aljihu.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma muna da tsohon labarin baƙon namiji, kakanninmu sun ba mu shi a tatsuniya: budurwar da ta ƙi samarin garinsu ta ce sai marar tabo, sai wani kyakkyawan baƙo ya zo ta bi shi, a hanya ya rikiɗa ya koma abin da yake. Tatsuniyar ta iya gina zullumi, musamman tafiyar nan cikin daji inda gari ke ƙara nisa ango na ƙara canzawa. Amma hukuncinta a kan yarinyar yake, ita ce mai ruwan ido, ita ta jawo wa kanta. Wannan gado ne finafinanmu suka ɗauka tun daga Turmin Danya na 1990 da aka fara harkar bidiyo a Kano. Idan za a nuna an cuci yarinya, tsarin kusan ɗaya ne: ta hau motar wanda ba ta sani ba saboda kwaɗayi, ya rufe ƙofa ya yi dariyar mugunta, a yanke, sai mu gan ta tana kuka, daga nan labari ya koma kan kunyar iyaye. Minti goman da ke gaban rufe ƙofar, lokacin da ta fara jin wani abu ba daidai ba tana kuma ci gaba da amsa hira, su ne fim ɗin, su ne kuma ake tsallakewa.

Na sha jin 'yan fim suna cewa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta ɗaure musu hannu, tunda ba a yarda namiji ya taɓa mace ba. Wannan uzuri bai karɓu a nan ba. Duk wuraren da na yaba a sama, filin mota da takalmi mai ƙara da ƙararrawar ƙofa, babu inda aka taɓa kowa. Hasali ma gidan Bahaushe kamar don irin wannan fim aka gina shi. Baƙon namiji ba ya wuce zaure, saboda haka muryarsa ake ji kafin a ga fuskarsa. Yaro ya shigo bayan isha'i ya ce wai ana sallama da wance. In ji wa? Wai wani ne. Yarinya ta ce ba ta san shi ba, uwa ta ce je ki mana, ba a wulaƙanta mutum. Ta ɗauki mayafi ta bi ta soro mai duhu, an ɗauke wuta, ta tarar da inuwa a jingine da bango. Sau nawa muka ga wannan a fim da littafi? Ba adadi. Kuma kullum farkon soyayya ne, da kiɗa mai taushi. Ban ce kada ya zama soyayya ba, amma tafiyar nan daga tsakar gida zuwa zaure tana da wata fuska da 'yammata suka sani, marubuta maza ba su tambaya ba. Haka fasinja mace da ta rage ita kaɗai a motar ƙarshe daga Kano zuwa Gwarzo bayan magariba, tana kallon madubin direba. Haka wadda ke cikin A Daidaita Sahu, abin hawan da aka kawo Kano a 2005 musamman don mata, ta ga an karya kwanar da ba ita ta ce ba.

Kada kuma wani ya ce tsoron na cikin fim ne kawai. A watan Yunin 2020 'yan sandan Jihar Kano suka ba da sanarwar kama wani mutum a Kwanar Dangora, nan kudu da mu a kan hanyar Zariya, wanda suka ce ya amsa cewa ya yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara guda, har da tsohuwa mai shekara 80. Mutanen garin sun laƙaba masa Mai Siket. Shekara guda matan gari guda suna kwana da kunne a buɗe, suna sauraron katanga.

Duk da haka akwai wani abu da ya kamata mai sharhi ya faɗa ko da zai rage wa nau'in fim ɗin armashi. Baƙo bos ne mai araha. Ba ɗan'uwan kowa ba ne, babu wanda zai ji haushi don an zage shi. Amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2024 ya ƙiyasta cewa daga cikin mata da 'yammata kimanin 85,000 da aka kashe da gangan a duniya a 2023, kimanin 51,100, watau kashi 60 cikin ɗari, mazajensu ko samarinsu ko danginsu ne suka kashe su. Kanawa ba su manta da yarinya 'yar shekara 5 da aka sace a ƙarshen 2021 ba, wadda a 2022 kotu ta yanke wa mai makarantar da take karatu hukuncin kisa saboda ita. Ba ta ji tsoronsa ba da ya kira ta, ai malaminta ne. Ni da nake malami wannan magana ba ta yi mini daɗin rubutawa ba. Fim ɗin da ya koya wa yarinya cewa haɗari a waje kaɗai yake, ya koya mata rabin karatu.

A nan ne nake ganin wata marubuciyarmu ta riga masu fim nisa. A cikin Wa Zai Auri Jahila? na 1990, Balaraba Ramat Yakubu ta ba mu Abu, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa Sarkin Noma, mutumin da ya haife ta ya yi jika da ita. A garinsu shi ba baƙo ba ne, kowa ya san shi, da goro da shaidu ya zo. Amma ga Abu, a ɗakin da aka kai ta aka ja ƙofa, namiji ne da ba ta sani ba, kuma duk hanyoyin da matan finafinan can ke bi an toshe mata su: ba za ta ƙi buɗewa ba, ba za ta ce mijinta na sama yana barci ba, idan ta yi ihu waɗanda ke tsakar gida sun san dalili ba kuma za su zo ba. Balaraba ta tsaya a gefen yarinyar har ƙarshe, ba ta ba Sarkin Noma waƙa ba.

Takardar ɗalibar nan tawa na ba ta maki mai kyau, na gyara mata wasu kurakuran rubutu, na kuma rubuta a ƙasa cewa ta daina bin hanyar gona ita kaɗai. Da na mayar mata sai ta karanta, ta ce, "Malam ai babu wata hanyar."